AMSOSHIN TAKARDUNKU: Tarihin Cutar Karkarwa Da Ƙwayar Gadon Da Aka Gano A Nijeriya

TAMBAYA: Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi a garin Tafashiya cikin ƙaramar hukumar Kankiya ta Jihar Katsina, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ce mahaifinsa ya haura shekara 60, kuma yau shekara uku ke nan hannunsa na dama yana karkarwa, tafiyarsa ta yi nauyi, in yana magana sai an kasa kunne. Ya ce ƙanen kakansa ma haka ya yi kafin ya rasu. Wasu na cewa sammu ne, wasu na cewa tsufa ne kawai. To ga shi yanzu ƙanensa yana neman aure, dangin yarinyar sun fara ja da baya, wai ciwon gado ne a gidan. Don haka yake so mu ba shi tarihin wannan cuta, kuma wai shin gaskiya ne likitoci sun gano ta a jinin mutanen Nijeriya? Har ila yau wata 'yar kasuwa daga Kusada ta aiko da makamanciyar wannan tambaya, inda take son ta san ko gwajin jinin da ake yi kafin aure yana nuna cutar, kamar yadda yake nuna sikila.

AMSA: To Malam, da ke Hajiya, mun gode da waɗannan takardu naku, Allah kuma Ya ba Baba lafiya. Da farko dai ku sani ba a gane ciwo ta cikin wasiƙa, sai likita ya ga mai shi ido da ido. Amma alamomin da Malam ya zayyana sun yi kama ƙwarai da wata cuta da likitoci ke kira cutar Parkinson, mu kuma muna ce mata cutar karkarwa ko makyarkyata. Amsar a taƙaice ita ce, i, akwai hannun gado a cikinta, kuma an gano wani ɓangare na wannan gadon a nan Nijeriya cikin shekarar 2023. Sai dai gadonta ba irin na sikila ba ne, ko kusa. Kafin ku gane bambancin sai mun koma baya kamar shekara 200, don haka sai ku gyara zama.

A cikin shekarar 1817, watau shekarar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a Sakkwato, wani likita a birnin Landan mai suna James Parkinson ya buga wani ɗan ƙaramin littafi a kan mutum shida da ya lura da su, dukkansu maza kuma manya. Uku daga cikinsu ma ba majinyatansa ba ne, a kan titi ya gan su. Ya bayyana yadda hannunsu ke rawa alhali suna zaune ba sa aikin komai, da yadda suke ranƙwafawa gaba, suna taku ƙanana da sauri kamar za su kifa. Bayan kamar shekara 60, wani babban likitan jijiyoyi a birnin Faris na ƙasar Faransa, Jean-Martin Charcot, ya ƙara bayani. Ya nuna cewa sandarewar gaɓoɓi da nauyin motsi su ne ginshiƙin ciwon, har ma akwai masu shi da ba sa karkarwa sam. Shi ne kuma ya laƙaba wa cutar sunan Parkinson don girmama shi. Irin karkarwar tana da kamanninta: yawanci gefe guda take farawa, babban yatsa yana murza manuni kamar mai jan carbi, in mutum ya miƙa hannu zai ɗauki abu kuma sai ta lafa.

To amma ina ne ciwon yake a cikin jiki? A 1912 wani likitan Jamus, Friedrich Lewy, ya duba ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu da cutar ta cikin madubin likita mai ƙara girman abu, sai ya ga wasu dunƙule-dunƙule da bai kamata a ce suna nan ba. A 1919 kuma wani ɗan ƙasar Rasha da ke karatu a Faris, Konstantin Tretiakoff, ya gano cewa akwai wani ɗan wuri baƙi a can tsakiyar ƙwaƙwalwa, wanda yake koɗewa a wajen masu wannan cuta. Wannan ɗan wuri shi ke samar da wani sinadari mai suna dofamin, wanda ke kai saƙon motsi. Arvid Carlsson na ƙasar Suwidin ya nuna muhimmancin sinadarin a 1957, abin da ya sa ya sami kyautar Nobel a 2000. A 1960, shekarar da muka sami mulkin kai, Oleh Hornykiewicz ya auna ƙwaƙwalwar mamata a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya tarar dofamin ɗin masu cutar ya ƙare ƙwarai. Daga nan aka fara ba majinyata wani magani mai suna levodopa, wanda ƙwaƙwalwa ke juyawa ya koma dofamin. Manoma za su so su ji cewa tun 1913 aka fara fitar da wannan sinadari daga jikin wani irin wake. A 1967 George Cotzias na jihar New York ya gano yadda za a riƙa shan sa har ya yi aiki sosai, inda mutanen da suka shekara a kwance suka tashi suka taka. Har gobe shi ne babban maganin cutar. Yana sassauta ta ne, ba ya tsayar da ita.

Saura babbar tambaya: me ke kashe wannan ɗan wuri na ƙwaƙwalwa? Wani ɓangare na amsar ya ɓullo ta inda ba a zata ba, ta wajen wata cuta daban wadda da farko ba a ga abin da ya haɗa ta da ƙwaƙwalwa ba. A 1882, shekara 21 kafin Turawa su ci Kano, wani ɗalibin likita a Faris mai suna Philippe Gaucher ya rubuta labarin wata mata 'yar shekara 32 wadda saifarta ta kumbura ta cika mata ciki. Shi a zatonsa ciwon daji ne na saifa. Daga baya aka gane cuta ce ta gado, inda wani irin maiƙo ke taruwa a saifa da hanta da ɓargo. Aka sa mata suna cutar Gaucher. Ba ta da yawa a duniya, ta dai fi yawa a tsakanin Yahudawan da asalinsu Gabashin Turai ne.

A nan sai mun ɗan shiga aji, don abin da zai biyo baya ya zauna muku. Jikin ɗan Adam an gina shi ne da waɗansu ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, jere kamar saƙar zuma, 'yan makaranta na kiran su sel. A cikin kusan kowane ɗaki akwai wani dogon rubutu da ake kira DNA, wanda aka rubuta da haruffa huɗu kacal, amma yawan haruffan ya kai kamar biliyan 3. An ɗaure rubutun nan dami 23, kuma kowane dami biyu ne, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A cikin damman akwai babi-babi kamar 20,000, kowane babi shi ake kira ƙwayar gado. Aikin ƙwayar gado shi ne ta ba da umarnin yadda za a ƙera wani ma'aikaci guda na jiki, wanda ake kira furotin. Wani furotin ɗin ɗaukar iska yake yi a cikin jini, wani narkar da abinci, wani kuma gina tsoka. In aka sami sauyin harafi a cikin babi, ma'aikacin na iya fitowa gurgu, ko kuma a ƙera shi kaɗan. Sikila ma haka take, harafi ɗaya ne ya sauya a babin furotin ɗin da ke ɗaukar iska a jini.

A 1965 wani masani a Amurka, Roscoe Brady, ya gano ma'aikacin da ya gaza a jikin masu cutar Gaucher. Sunansa na karya harshe, gulukoserebirosidas, saboda haka mu dai mu kira shi mai shara. Kowane ɗaki na jiki yana da nasa jujin a ciki, inda ake kai tsofaffin kayan da suka lalace a narkar da su, a sake amfani da abin da zai amfanu, kamar yadda manomi ke mayar da shara taki. Aikin mai shara a wannan juji shi ne ya farfasa wani irin maiƙo. A cikin shekarun 1980 aka gano babin da ke ƙera shi, yana cikin dami na ɗaya, kuma yau sunansa GBA1. Wanda ya gaji lalataccen babin daga uwa da uba duka, shi ke yin cutar Gaucher. Wanda ya gaji ɗaya tak, ana ganin lafiyarsa lau, kamar dai mai AS. A 1991 aka fara yi wa masu cutar ƙarin ruwa da wannan furotin, saifarsu ta riƙa saɓewa, suka riƙa yin tsawon rai.

Masu shekaru a cikinku za su tuna 1996, lokacin da 'yan ƙwallonmu suka ciwo zinare a wasannin Olamfik na birnin Atlanta. A wajen buɗe wasannin nan ne duniya ta ga shahararren ɗan damben nan Muhammad Ali ya kunna wuta hannunsa na karkarwa, domin tun 1984 likitoci suka tabbatar yana da wannan cuta, ya kuma rayu da ita har 2016. To a wannan shekara ta 1996 ne wasu likitoci a Isra'ila suka ba da rahoton cewa suna ganin cutar karkarwa a jikin wasu masu cutar Gaucher. A 1997 aka gano cewa dunƙulen nan da Lewy ya gani, wani furotin ne mai suna alfa-sinukilin yake cuɗewa ya daskare. Sai kuma wata likita a Amurka, Ellen Sidransky, da abokan aikinta suka lura da wani abin mamaki: iyaye da kakannin masu cutar Gaucher, waɗanda lalataccen babi ɗaya kawai gare su, su ma cutar karkarwa tana yawan kama su. A 2009 ta jagoranci wani bincike na cibiyoyi 16 a ƙasashe daban-daban, aka gwada majinyata 5,691 da masu lafiya 4,898. Aka tarar samun lalataccen GBA1 ya ninka kamar sau biyar a wajen masu karkarwa. Bayanin da masana ke bayarwa shi ne, in mai shara ya yi rauni, juji kan cushe, alfa-sinukilin ya taru ya dunƙule, dunƙulen kuma ya ƙara tare wa mai shara hanya, har ɗakin ya mutu. Ɗakunan da ke yin dofamin suna cikin waɗanda ba sa jure wannan.

Duk wannan labari, in kun lura, a Turai da Amurka da Isra'ila da Asiya ya gudana. To mu fa? An daɗe ana ɗauka cewa cutar ba ta cika kama baƙar fata ba. Babban likitan jijiyoyin nan na Jami'ar Ibadan, marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun, yana cikin waɗanda suka fara bin diddigin maganar. A 1979 shi da abokin aikinsa suka buga bayanin majinyata 217 'yan Nijeriya. A 1988 kuma aka buga sakamakon wani ƙidaya na gida-gida da aka yi a garin Igbo-Ora na ƙasar Yarbawa da kuma wata gunduma a jihar Misisifi ta Amurka. A cikin kowane mutum 100,000 masu shekara 40 zuwa sama an sami 67 a Igbo-Ora, an kuma sami 341 a tsakanin baƙaƙen fatar Amurka. Tun da kakannin baƙaƙen Amurka yawancinsu daga Afirka ta Yamma aka kwashe su, wannan tazara ta sa masana suka karkata ga cewa muhalli yana da nasa hannun. A nan Arewa, likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Asibitin Murtala sun buga nasu rahoton a 2012, inda cikin shekara huɗu suka ga kusan mutum 100 masu irin wannan ciwo, mafi yawansu maza. Waɗannan fa waɗanda suka iya kai kansu birni ke nan. Na ƙauye da ake ce wa tsufa ne ko sammu, ba su shiga lissafi ba.

Da aka fara gwajin ƙwayoyin gado a Nijeriya, sai aka fara da neman irin sauye-sauyen da aka riga aka sani a wasu ƙasashe. Alal misali akwai wani sauyi a wani babi mai suna LRRK2, wanda ake samu a jikin kamar kashi ɗaya cikin uku na masu cutar a tsakanin Larabawa da Barbar na Arewacin Afirka. Aka neme shi a jikin majinyatan Nijeriya, ba a same shi ba. Wannan ya nuna cewa ba za a auna mu da mudun wasu ba, sai an yi namu awon. Saboda haka Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ta haɗa kan likitocin jijiyoyi na sassan ƙasar nan, Kudu da Arewa, suka buɗe rajistar masu cutar tun 2016, suna rubuta bayaninsu, suna kuma ɗibar jininsu da yardarsu.

A watan Agusta na 2023 aka ga amfanin wannan wahala. Farfesa Okubadejo, da Dokta Mie Rizig ta wata jami'a a Landan, da Dokta Andrew Singleton na cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, da sauran abokan aikinsu, suka buga sakamakonsu a mujallar likitoci ta Lancet Neurology. Sun gwada masu cutar 1,488, waɗanda mafi yawansu 'yan Nijeriya ne, da mutum 196,430 marasa ita, dukkansu 'yan asalin Afirka ko masu jinin Afirka. Da aka bi rubutun jikinsu, sai alama ta tsaya cak a kan babin mai shara, watau GBA1. Sai dai sauyin da aka gani sabo ne ga masana, ba irin na Turawa ko na Yahudawa ba. Harafi ɗaya ne, kuma kusan ba a samun sa a Turai da Asiya, amma a Afirka ta Yamma yana da yawa. Kimanin rabin masu cutar a wannan yanki namu suna ɗauke da shi. Wanda ya gaji sauyin daga gefe guda, haɗarinsa ya fi na wanda ba shi da shi kamar sau ɗaya da rabi. Wanda ya gaje shi daga uwa da uba, kamar sau uku da rabi. Kuma kowane ɗaya yana matso da lokacin fara ciwon da kamar shekara biyu.

Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, harafin ba ya cikin sashen babin da ke faɗin siffar mai shara. A ƙarshen 2024 aka warware wannan. Ashe umarnin da ke fita daga ƙwayar gado, tamkar hatsi ne da aka sussuka, akwai tsaba akwai ƙaiƙayi, sai an sheƙe kafin a kai shi inda ake ƙera furotin. Harafin nan yana daidai wurin da ke nuna inda za a cire wani yanki na ƙaiƙayin. In ya sauya, sai wani lokaci a bar ƙaiƙayin a ciki, umarnin ya ɓaci, ba a ƙera komai da shi ba. Sakamakon haka mai sharan da ake ƙerawa lafiyayye ne, amma yawansa ya ragu. Wani binciken na 2024 a kan 'yan Nijeriya ya kuma nuna cewa masu wannan sauyi sun fi yawan wata matsalar barci, inda mutum ke aikata mafarkinsa, yana ihu yana kai naushi yana shure-shure. Sau da yawa a gidajenmu aljanu ake ɗora wa wannan.

To yanzu sai mu zo kan maganar aure, wadda ita ce ta fi damun masu tambaya. Hajiya ta Kusada, ke 'yar kasuwa ce, bari mu yi lissafi. A ƙasashen da ake ƙidaya sosai, kamar mutum 1 cikin 100 na waɗanda suka wuce shekara 60 ke da wannan cuta. Mu ƙaddara, don misali kawai, cewa cikin mutum 100 marasa sauyin, 2 ne za su kamu a tsawon rayuwarsu. In an ninka sau ɗaya da rabi, 3 ke nan. In an ninka sau uku da rabi, 7 ke nan. Watau ko a cikin waɗanda suka gaje shi ta gefe biyu, fiye da 90 cikin 100 za su tsufa ba su ga ciwon ba. Gwada wannan da sikila: in mai AS ya auri mai AS, kowane ciki akwai damar ɗaya cikin huɗu a haifi SS, kuma duk wanda aka haifa SS yana da ciwon, tun yana goye zai fara wahala. Shi ya sa gwajin sikila kafin aure yake da ma'ana, har Jihar Kano ta sa shi cikin doka a 2024. Gwajin nan na AA da AS ba ya nuna GBA1, kuma babu likitan da zai ce a je a gwada shi kafin aure, domin sakamakon ba zai gaya wa kowa ko zai kamu ko ba zai kamu ba.

Daɗin daɗawa, sauyin nan yana jikin miliyoyin mutane masu ƙoshin lafiya a Afirka ta Yamma. Dangin yarinyar da ke gudun gidanku, Malam, ba abin mamaki ba ne a ce su ma yana jikinsu, ko yana jikin wanda za su ba ta in sun hana ƙanenka. Haka kuma kamar rabin masu cutar ba su da shi sam. Gaskiya ne wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ciwon, haɗarinsa ya ɗan ɗara na sauran jama'a, amma mafi yawan 'ya'yan masu cutar ba sa yin ta. Akwai dai wasu gidaje ƙalilan a duniya inda take bin zuriya kai tsaye, tana kama mutane da yawa tun suna matasa, kuma wasu ƙwayoyin gado ne daban ke jawo wannan. In aka ga haka a gida, sai a gaya wa likita. Dattijo biyu da suka yi karkarwa bayan sun manyanta ba hujja ba ce ta raba aure. Kuma cutar ba a ɗaukar ta, ko ta cin abinci ƙwarya ɗaya, ko ta gaisawa, ko ta zaman aure.

Abin da ya fi gado ƙarfi a wannan ciwo shi ne shekaru, kuma ya fi kama maza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 masu shi sun haura miliyan 8 da rabi, kuma yawansu ya ninka cikin shekara 25. Akwai kuma abu guda da ke hannunku, ku manoma, watau feshi. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2011 ya nuna cewa manoman da suka yi aiki da maganin ciyawa mai suna farakwat sun fi sauran kamuwa da kamar sau biyu da rabi. Masu yin maganin suna musun cewa shi ke jawo cutar, amma Tarayyar Turai ta hana amfani da shi tun 2007, Faransa kuma tun 2012 ta amince cewa karkarwa na cikin cututtukan da aikin feshi ke jawo wa manoma. A nan gida hukumar NAFDAC ta ba da sanarwar haramta shi daga farkon 2024. Saboda haka duk wanda zai sayi maganin ciyawa a kasuwar Kankiya ko ta Caranci, ya sa a karanta masa abin da ke jikin robar. Kowane irin magani ne kuma, kada a dama shi da hannu tsirara, kada a yi feshi ana fuskantar iska, a rufe hanci da baki, a sa takalmi da riga mai dogon hannu, a yi wanka da sabulu kafin a ci abinci. Robar da ta ƙare kada a mayar da ita ta ruwan sha ko ta man gyaɗa, kada kuma a ɗora wa yaro tankin feshi.

Game da Baba kuwa, Malam, shawararmu ita ce a kai shi babban asibitin Kankiya, a nemi takardar turawa zuwa wajen likitan jijiyoyi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya. Ku tafi da duk magungunan da yake sha, domin akwai na taɓin hankali da na hana amai da ke kawo irin wannan karkarwa, in an canza su ta wuce. Akwai kuma wata karkarwar da ba ta da haɗari, wadda ke tashi lokacin da mutum ya ɗauki moɗa ko cokali, ita ma tana bin dangi, kuma maganinta daban. Ku gaya wa likita in Baba ya daina jin ƙamshi, ko bayan gida na yi masa wuya, ko yana faɗa cikin barci, domin waɗannan kan riga karkarwar zuwa da shekaru. In an rubuta masa levodopa, a kiyaye lokacin sha, kuma kada a tsayar da shi farat ɗaya. Maganin yana da tsada, ba kuma kowane kemis ke da shi ba, don haka gara 'ya'ya su haɗa kuɗin wata-wata tun kafin ya yanke. Kada a ce ya zauna ya huta a hana shi motsi. Tafiya zuwa masallaci, da zagaya gona, da zaman majalisa cikin abokai, duk suna taimaka masa. Fuskarsa in ta daina nuna fara'a, ciwon ne ya ɗaure naman fuskar, yana jin ku sarai, kada a riƙa magana a kansa kamar ba ya nan.

Amfanin gano wannan harafi shi ne ya nuna wa masu haɗa magani inda za su dosa, watau yadda za a ƙara wa mai shara yawa ko ƙarfi. A 2020 an buga sakamakon gwajin wani tsohon maganin tari mai suna amburokzol da aka yi a kan mutum 17 a Landan, aka ga yana isa ƙwaƙwalwa yana kuma ƙara yawan furotin ɗin, daga nan aka shirya babban gwaji na mutum 330 a Birtaniya. Gwaji ne fa, ba a tabbatar yana warkarwa ba, kada wani ya je kemis ya ɗura wa tsohonsa maganin tari. Abin da za mu iya yi mu, shi ne in likitocin asibitin koyarwa suka nemi izinin rubuta bayanin majinyaci ko ɗibar jininsa don bincike, a saurare su, a yi musu tambayoyi har a gamsu, sa'an nan a yanke shawara. Da majinyatan Nijeriya ba su miƙa hannu an ɗebi jininsu ba, da har yanzu ana nema mana magani da awon wasu.

Da fatan Malam na Tafashiya da Hajiya ta Kusada sun gamsu. Malam, kana iya kai wa surukan ƙanenka wannan shafi a karanta musu, in kuma suna da sauran shakka su raka ku wajen likita su ji da kunnensu. Sauran masu sauraro da masu karatu, muna nan muna jiran takardunku. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, ku huta lafiya.